"Shut down": Me aka rufe, wa ya rufe, kuma sai yaushe? Darasin fassara daga bodar Bagudo

A ranar 20 ga Agusta, 2019, Ofishin Mai Bai wa Shugaban Ƙasa Shawara Kan Harkokin Tsaro ya jagoranci fara wani aikin haɗin gwiwa a iyakokin Najeriya na tudu, wanda ya ƙunshi jami'an kwastam da na shige da fice da sojoji da 'yan sanda. Atisaye gwamnati ta kira shi. Bayan kimanin mako guda, da Shugaba Muhammadu Buhari ya gana da takwaransa na Jamhuriyar Benin, Patrice Talon, a birnin Yokohama na Japan, sai fadar shugaban ƙasa ta bayyana matakin a matsayin rufe wani ɓangare na iyaka saboda fasa-ƙwaurin shinkafa. Jaridun Turanci ba su tsaya wannan dogon Turanci ba, yawancinsu "shut" ko "shut down" suka rubuta. A Tsamiya da Lolo kuwa, garuruwan Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi da ke bakin iyakar Benin, kalmomi uku suka wadatar: an rufe boda.

Atisaye, rufe wani ɓangare, rufewa ɗungurungum. Duk abu guda ake nufi, amma kowane suna da abin da yake nunawa da abin da yake sakayawa. Kalmar "shut down" ta fi sauran iya sakaya zance, domin tana ɗaukar ma'anoni barkatai ba tare da ta faɗi wanda ya yi rufewar ba, ko abin da aka rufe takamaimai, ko ranar da za a buɗe. Muddin labari ya tsaya a Turanci, ana iya wucewa ba a lura ba. Sai an zo juya shi zuwa wani harshe ake ganin giɓin, saboda a nan ne ake tilasta wa mai fassara ya zaɓi kalma guda. Hausa tana yin wannan tilasci, Turkanci ma haka, kuma idan aka jera su biyun a gefen Turanci sai a ga abubuwan da kanun labari ya haɗiye.

Yadda kalmar take a Turanci

Turanci yana da ɗabi'ar ɗaura wa aikatau wata 'yar ƙaramar kalma, sai ma'anarsa ta sauya, wani lokaci har ta yi nisa da ta asali. "Shut" shi kaɗai rufewa ce irin ta ƙofa ko taga. Idan aka ƙara masa "up", ya koma umarnin yin shiru cikin gatsali. Da "out", hana wani shiga ke nan. Da "down" kuwa, magana ta tashi daga kan ƙofa ta koma kan aiki: wani abu da ke gudana ya tsaya cak. Masana'anta, inji, kwamfuta, gidan rediyo, kasuwa, makaranta, layin sadarwa, har ma da ma'aikatun gwamnati, duk ana iya amfani da kalmar a kansu.

Abin lura shi ne kalmar tana tafiya ta fuska biyu. Ana cewa hukuma ta yi wa kamfani "shut down", ana kuma cewa kamfani ya yi "shut down" shi da kansa, ba tare da siffar kalmar ta canza ko da harafi ɗaya ba. Idan kuma aka haɗe ta ta zama suna, "shutdown", to mai aikin ya ɓace gaba ɗaya, sai ka ce ruwan sama ne ya sauka. Wannan siffa ce ta sa masu rubuta sanarwar hukuma da masu tsara kanun labarai suke ƙaunarta: gajera ce, tana da amo, ba ta kuma kama sunan kowa.

Hausa ba ta ɗaura wa aikatau irin wannan 'yar rakiya. A wasalin ƙarshe take yin aikin. "Rufa ƙofa" daban, "rufe ƙofa" daban, "ƙofa ta rufu" daban. Masu nazarin nahawu, tun daga aikin F. W. Parsons na 1960 a kan rukunan aikatau na Hausa, sun nuna cewa rukunin da ke ƙarewa da wasalin "e" yakan nuna an kai aiki ƙarshensa, kamar bambancin "saya" da "saye", ko "cika" da "cike". Ke nan nauyin da "down" ke ɗauka a Turanci, ɗan wasalin da ke ƙarshen "rufe" ya riga ya ɗauke shi. Wanda ya fassara "shut down" da "rufe" bai yi kuskure ba. Sai dai sau da yawa ya yi kasala, domin Hausa tana da kalmomin da suka fi wannan kaifi.

Idan da makulli aka yi, kullewa ce. Idan hukuma ce ta zo da ƙarfin doka ta sa kwaɗo ta kori kowa, garƙamewa ce. Hanya toshe ta ake yi ko a datse ta. Layin waya da intanet katse su ake yi. Inji da kwamfuta da janareta kashe su ake yi. Aikin da ake sa ran zai dawo dakatar da shi ake yi. Kamfanin da jari ya ƙare masa kuwa durƙushewa ya yi, ba wanda ya zo ya rufe shi, ko da yake idan aka bi sawu akan tarar da wata manufar gwamnati a bayan durƙushewar.

Abin da Turkanci ke ƙarawa

Mai karatu zai iya tambaya: ina ruwan Bagudo da Turkanci? Ruwan ya fi yadda ake zato. Ɗaliban Arewa da dama suna karatu a jami'o'in Turkiyya, 'yan kasuwar Kano suna sarin tufafi a unguwar Laleli ta Istanbul, sannan tun 2023 kafar TRT Afrika ta Turkiyya take watsa labarai da Hausa. Akwai matasa a yau da ke karanta labari guda da harsuna uku. Amma ko babu wannan alaƙa, Turkanci madubi ne mai amfani a nan, saboda yana rarrabe abin da Turanci ya cakuɗa.

Fassarar farko da kowane ƙamus zai bayar ita ce "kapatmak", wato wani ya rufe wani abu. Kalma ce mai faɗi sosai, har ta fi "rufe" ɗinmu faɗi: da ita ake rufe ƙofa, da ita ake kashe fitila da talabijin da kwamfuta, da ita ake ajiye waya bayan an gama magana, da ita ake kammala biyan bashi. Kusa da ita akwai "kapanmak", wato abu ya rufu. Sai "kapatılmak", an rufe abu, wanda ke nuna akwai hannun wani ko da ba a ambaci sunansa ba. Har akwai "kapattırmak", wato wani ya sa wani ya rufe. Saiwa ɗaya ce, ƙananan ɗafe-ɗafe ne ke sauya wanda alhaki ke kansa.

Saboda haka ɗan jaridar Ankara da ke fassara labarin bodarmu yana da zaɓi uku a gabansa. "Nijerya sınırı kapattı" na nufin Najeriya ta rufe iyakar. "Sınır kapatıldı" na nufin an rufe iyakar. "Sınır kapandı" na nufin iyakar ta rufu. A maganar yau da kullum Turkawa sukan yi amfani da na ukun ko da sun san wanda ya rufe, amma marubucin da ke son nuna akwai mai laifi ya san wanda zai ɗauka. Mu ma muna da irin wannan mafaka. Ɗan ƙaramin "an" da ke cikin "an rufe boda" ya ɓoye shugabanni da yawa a tarihin aikin jarida na Hausa.

Bayan waɗannan akwai kalmomin da suka fi kama da namu na kasuwa. "Kepenk indirmek" sauke ƙyauren ƙarfe na shago ne, ana faɗin sa ga ɗan kasuwar da ya karye, ana kuma faɗin sa ga 'yan kasuwar da suka ƙi buɗe shaguna don nuna fushi. "Kapısına kilit vurmak", buga kwaɗo a ƙofar wuri, shi ne garƙamewarmu sak. "Mühürlemek" rufewar hukuma ce da hatimi. "Faaliyetini durdurmak" tsayar da aiki ne, "askıya almak" kuwa rataye abu ne, abin da mu za mu ce jinginewa. Ga intanet suna da "kesmek", yankewa, da kuma "erişimi engellemek", hana isa ga shafi, kamar yadda aka yi wa Wikipedia a Turkiyya daga Afrilun 2017 zuwa Janairun 2020.

Akwai ma'ana ɗaya da matashin da ke bibiyar siyasa ya kamata ya sani. A Turkiyya "parti kapatma", rufe jam'iyya, kalma ce mai tarihi. A Janairun 1998 Kotun Tsarin Mulki ta rufe jam'iyyar Refah ta Necmettin Erbakan, tsohon firaministan da ya jagoranci kafa ƙungiyar D-8 wadda Najeriya ke cikinta. A 2008 jam'iyyar AKP mai mulki ta tsallake rijiya da baya: alƙalai 6 cikin 11 suka goyi bayan rufe ta, alhali 7 ake buƙata. Jaridun Turanci "shut down" ko "close down" suke rubutawa a irin wannan labari. Da a Najeriya ne, da "soke rajista" za mu ce, kamar yadda hukumar zaɓe ta yi wa jam'iyyu 74 a Fabrairun 2020. Wanda ya rubuta "an rufe jam'iyya" da Hausa zai sa mai sauraro ya zaci sakatariya aka sa wa kwaɗo.

Ƙofa ake rufewa, ba iyaka ba

A nan ne Turkanci ya fi ba mu abin da za mu ɗauka. Wurin da jami'ai ke zama suna duba fasfo da kaya, Turkawa "sınır kapısı" suke kiran sa, wato ƙofar iyaka. Da zarar an faɗi haka, an raba abu biyu da Turanci da Hausar kanun labarai suke haɗawa: akwai iyaka, akwai kuma ƙofarta. Ƙofa tana rufuwa da umarni guda daga babban birni. Iyakar Najeriya da Benin kuwa layi ne mai tsawon kusan kilomita 800, ya ratsa gonaki da dazuzzuka da makiyaya, a ƙarshensa na arewa kuma ya gangara zuwa Kogin Neja, a yankin Bagudo.

Layin ma ba mutanen wurin suka ja shi ba. Yarjejeniyar da Birtaniya da Faransa suka sa wa hannu a Paris a watan Yunin 1898 ce ta raba ƙasar Borgu gida biyu, Nikki ta faɗa hannun Faransa, Bussa da Illo suka faɗa hannun Ingila. Illo, tsohon zangon fatake a kan hanyar goro ta zuwa Gwanja, a yau tana cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo a Masarautar Gwandu. Daga Tsamiya idan ka tsallaka, Segbana ka nufa, a yankin Alibori na Benin. Daga Lolo kuwa ƙasar Malanville ce a gabanka. Dendawa da Bokawa da Kyangawa da Fulani da Hausawa suna zaune a ɓangarorin biyu, da auratayya da kasuwannin mako-mako da gonakin gado a tsakaninsu. A can harshen ofis Faransanci ne, kuɗi sefa. A nan Turanci ne da naira. A kasuwa kuwa kowa yana jin kowa.

To idan aka ce an yi wa irin wannan iyaka "shut down", me ya tsaya? Tirela ta tsaya, domin ba ta da hanyar da ta wuce kwalta. Ɗan kasuwar da ke da takardu, mai biyan haraji, ya tsaya. Mai albasa da mai tumatir, waɗanda kayansu ba sa jira, sun tsaya har kayan suka ruɓe. Babur bai tsaya ba, kwalekwale bai tsaya ba, ƙafa ba ta tsaya ba. Abin da ya faru da su shi ne hanya ta ƙara tsawo, shingaye sun ƙaru, kuɗin fito ya hau, hatsari ya ƙaru. Fassarar da ta fi kusa da gaskiya ita ce an garƙame ƙofa, ciniki ya koma ta daji. Kalmar Turancin tana ba mai karatu a Legas hoton makunnin lantarki da aka latsa komai ya mutu, kuma wannan hoto bai taɓa dacewa da Bagudo ba.

Gwamnatin kanta ta san matakin hawa-hawa ne. A watan Oktoban 2019 Shugaban Hukumar Kwastam na lokacin, Kanar Hameed Ali mai ritaya, ya bayyana cewa an hana shigowa da fitar da kowane irin kaya ta iyakokin tudu, halattacce da haramtacce. A watan Maris na 2020, da annobar korona ta shigo, aka hana zirga-zirgar mutane ma. Matakai uku ne mabambanta, atisaye da hana kaya da hana mutane, amma kalma ɗaya ta rufe su duka a yawancin rahotanni. Duk wannan kuwa ya faro ne makonni kaɗan bayan Najeriya da Benin sun sa hannu a yarjejeniyar cinikayya maras shinge ta Afirka a Yamai, ranar 7 ga Yulin 2019, kuma ƙasashen biyu suna cikin ECOWAS, wadda yarjejeniyarta ta 'yancin zirga-zirga ta samo asali tun 1979.

Ba za a yi adalci ba idan aka ce kowa a Kebbi kuka ya yi. A Birnin Kebbi ne Buhari ya ƙaddamar da shirin bai wa manoma bashi na Babban Banki a Nuwamban 2015, kuma manomin shinkafa a fadamun Kebbi yana da hujjar ganin shinkafar waje da ake saukewa a tashar Kwatano a matsayin kishiya. Gare shi rufe boda buɗe kasuwa ne. Ga mai saye kuwa lissafi daban ne: alƙaluman Hukumar Ƙididdiga sun nuna hauhawar farashi ta tashi daga kashi 11.02 cikin ɗari a Agustan 2019 zuwa kashi 15.75 a Disambar 2020, ko da yake korona da faɗuwar naira suna da nasu kason a ciki. A gida ɗaya ana iya samun mai murna da mai kuka.

Wa ya rufe gidan man?

Misalin da ya fi nuna amfanin bambancin "ta rufu" da "an rufe ta" shi ne na man fetur. A Nuwamban 2019 Hukumar Kwastam ta ba da umarnin kada a sauke mai a duk wani gidan mai da ke cikin tazarar kilomita 20 daga iyaka, da nufin daƙile fitar da man da ake biya wa tallafi zuwa maƙwabta, inda a Benin ake sayar da shi a kwalabe da jarkoki a bakin titi da sunan "kpayo". Umarnin bai ce a sa wa gidajen man kwaɗo ba. Tankar mai kawai aka hana zuwa. Amma gidan man da babu mai a cikinsa rumfa ce kawai.

Idan aka rubuta da Turanci cewa gidajen mai a garuruwan iyaka sun yi "shut down", jumlar daidai take, kuma ba ta zargi kowa ba. Baturke zai tsaya ya zaɓa tsakanin "kapandı" da "kapatıldı". Bahaushe mai kula da aikinsa zai ce umarnin hukuma ya tilasta wa gidajen mai daina aiki. Ga manomin rani a bakin kogi da ke ba shinkafarsa ruwa da injin fetur, ko ɗan acaɓa, ko mai injin niƙa, bambancin ba na nahawu ba ne. Shi ne ke nuna masa ƙofar da zai kai kukansa: ta mai gidan mai, ko ta ɗan majalisarsa.

Haka abin yake a labarin wutar lantarki. Babban layin wutar ƙasa yakan faɗi da kansa, wannan durƙushewa ce. Amma a ranar 3 ga Yunin 2024, lokacin yajin aikin ƙungiyoyin ƙwadago kan mafi ƙarancin albashi, ma'aikata ne suka kashe shi da gangan. Duhun iri ɗaya ne, labarin ba ɗaya ba ne.

Wata ma'anar kuma ba ta da dangantaka da ƙofa ko kaɗan. Idan aka ce an yi "shutdown" na gwamnatin Amurka, kamar wanda ya ɗauki kwana 35 daga Disambar 2018 zuwa Janairun 2019, ba mulki ne ya faɗi ba. Majalisa da fadar shugaban ƙasa ne suka kasa daidaitawa kan kasafin kuɗi, sai aka dakatar da wasu ayyuka, ma'aikata da yawa suka zauna ba albashi. Kafafen Turkiyya sukan ce "hükümetin kapanması", rufuwar gwamnati, suna dogaro da cewa mai karatu ya saba. Da Hausa, a yankin da ya sha ganin juyin mulki, "an rufe gwamnati" magana ce mai tayar da hankali ba gaira ba dalili.

A bakin matasan Najeriya ma kalmar ta yi tsalle ta juya baya. Idan aka ce mawaƙi ko ɗan takara ya yi wa gari "shut down", yabo ne: ya tara jama'a har ba masaka tsinke. Baturke zai ce "tıklım tıklım doldurdu", ya cika wuri maƙil. Wanda ya fassara wannan da "ya rufe Kano" ya mai da gangamin siyasa dokar hana fita. Idan kuma a muhawara ce aka ce wani ya yi wa wani haka, to katse masa hanzari ya yi, abin da Turkanci ke kira "susturmak".

Sai yaushe?

Tambaya ta uku ita ce wadda kalmar ta fi yin shiru a kanta. Kwamfutar da aka kashe da dare da safe ake kunna ta. Yawancin masaƙun Kaduna da suka tsaya ba su dawo ba. Kalma ɗaya ce ke bayyana duka biyun.

Tarihin bodarmu ya nuna faɗin tazarar. Gwamnatin soja ta Buhari ta rufe iyakokin tudu a Afrilun 1984, ba a buɗe ba sai a Maris na 1986, bayan an hamɓarar da ita. Obasanjo ya rufe iyakar Benin a Agustan 2003 kan 'yan fashi masu tsallaka iyaka, cikin kimanin mako guda aka buɗe. Rufewar 2019 an taɓa sa mata wa'adin 31 ga Janairun 2020, ta zarce har tsakiyar Disambar shekarar. A Zamfara, katse layukan waya da aka yi a farkon Satumbar 2021 mako biyu aka ce da farko, amma a yawancin ƙananan hukumomi sai da aka kwashe watanni. Turkiyya kuwa ta rufe iyakarta da Armeniya a 1993, aka shafe shekara talatin kafin motocin agaji su ratsa gadar Margara bayan girgizar ƙasar Fabrairun 2023. Duk wanda ya fassara rufewa da "dakatarwa" ya yi wa mai karatu alƙawarin da hukuma ba ta yi ba. Wanda ya ce "garƙamewa" kuma yana iya yanke ƙaunar da bai kamata a yanke ba. Mafita ita ce a faɗi wa'adin idan akwai, a kuma faɗi cewa sanarwar ba ta sa wa'adi ba idan babu.

Bagudo ta sake ɗanɗana wani salon bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023. ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya da Benin suka rufe iyakokinsu da Nijar. A Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, a Maris Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin buɗe iyakar Najeriya da Nijar. Benin ta buɗe nata ɓangaren, amma mahukuntan Yamai suka bar gadar da ke tsakanin Gaya da Malanville a toshe. Ƙofa ɗaya, a buɗe ta wannan gefe, a rufe ta wancan. Kayan da aka sauke a Kwatano da niyyar kai wa Nijar suka rasa hanyarsu ta kai-tsaye, hankalin direbobi da 'yan kasuwa ya karkata ga hanyar da ta bi ta Segbana da Tsamiya ta ɓulle Kamba. Rikicin da aka ƙulla a Yamai da Kwatano da Abuja ya zo ya yi layi a kan titin Bagudo.

A irin wannan yanayi jita-jita ta fi sanarwa saurin tafiya, kuma a nan Turkanci yana da wata dabara da ta cancanci kishi. Idan mai magana ya tabbatar da abu, "kapandı" zai ce. Idan ji ya yi, ko daga baya ya tarar, sai ya ce "kapanmış". Nahawun harshen da kansa yana bambanta ganau da jiyau. Mu da "wai" da "ashe" muke yin wannan aiki, kuma saƙonnin WhatsApp da ke yawo a tashoshin mota sukan zubar da "wai" ɗin a hanya kafin su iso. Direban da ya ɗauko lodi saboda ya ji an buɗe, shi ke biyan kuɗin wannan kalma da ta faɗi.

Buɗewa ma tana da irin wannan tarko. A ranar 16 ga Disambar 2020 kanun labarai suka ce Najeriya ta buɗe iyakokinta. Ƙofofi huɗu sanarwar ta ambata da suna: Seme a Legas, Illela a Sakkwato, Maigatari a Jigawa da Mfun a Kuros Riba, kuma haramcin shigo da shinkafa da kaji yana nan. A Afrilun 2022 Hukumar Kwastam ta ƙara huɗu: Idiroko a Ogun, Jibiya a Katsina, Ikom a Kuros Riba, da Kamba a Kebbi. Wanda ya ji an ce an buɗe bodar Kebbi zai iya ɗauka magana ta ƙare. Kamba tana Ƙaramar Hukumar Dandi ne, kuma Nijar take kallo. Tsamiya da Lolo, ƙofofin da ke kallon Benin, babu sunansu a jerin farko, babu a na biyu.